A sama ko a ɗaki: ina ya kamata a daidaita eriyar zobe?

An auno waya, an ɗaure ta a kusurwa huɗu, an haɗa bakinta biyu da kebul, an shiga ɗaki an danna makulli, sai allurar mitar SWR ta tsaya a kan biyu ta ƙi sauka. A rage waya, a ƙara waya, tana nan daram. Kusan duk mai rediyon sha'awa da ya taɓa rataya eriyar zobe ya ga wannan, kuma ba tsawon wayar ne ya ɓaci ba. Rediyon da ke kan tebur an ƙera shi ne don ya ga turjiyar om 50, kebul ɗin kowaks da aka saba amfani da shi ma na om 50 ne. Ita kuwa eriyar da kewayenta ya kai tsawon zango guda, idan an yi ta murabba'i kuma ta yi nesa da ƙasa, turjiyarta a mashiga tana wajen om 100 zuwa 120. Turjiya a nan ita ce abin da injiniyoyi ke kira impidans, wato bolt nawa ake buƙata kafin amfiya ɗaya ta gudana a wurin. Idan ta kebul da ta eriya suka saɓa, wani kaso na ƙarfin da aka tura yakan juyo baya, shi ne abin da allurar ke nunawa.

Kowa ya yarda a yi gyara. Inda aka rabu shi ne a ina. Wani ɓangare na cewa a gyara a can sama, a daidai inda kebul ya haɗu da eriya, yadda kebul ɗin zai ga om 50 tun daga farkonsa har ƙarshensa. Ɗaya ɓangaren na cewa a ƙyale eriya yadda take, a sauko da wayar tsani, wato wayoyi biyu a jere da tazara a tsakaninsu, a yi gyaran a ɗaki da akwatin daidaitawa. Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da zai tashi daga Katsina zuwa Maraɗi: sai ya canja naira zuwa sefa ko ta halin ƙaƙa, magana ita ce ya canja tun a gida ko sai ya kai bakin iyaka, kuma a wane wurin ne ɗan canji zai fi cin rabonsa.

Masu lambar kira da ke farawa da 5N a Najeriya ko 5U a Nijar ba su da yawa, saboda haka mafi yawan wannan gardama an tafka ta ne a Amurka da Turai, musamman a shafukan QST, mujallar ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka. Ita kanta eriyar zoben mai zango guda ta yi suna ne daga Kito, babban birnin Ekwado, inda Clarence Moore, injiniyan gidan rediyon HCJB, ya ƙirƙiro eriyar kwad a farkon shekarun 1940, saboda a iskar tsaunin Andes mai shaƙaf bakin sandunan tsohuwar eriyarsu na tartsatsi har yana narkewa. Zobe ba shi da baki, sai matsalar ta kau. Amma ya bar wa na baya gadon om 100 ɗin nan.

Hujjar masu gyara a sama ta fara ne daga rediyo. Tsofaffin na'urori masu kwan fitila suna da madaidaicinsu a ciki, suna jure saɓani mai ɗan yawa. Na zamani masu taransista ba su da wannan haƙuri: da SWR ta haura biyu sai su fara rage ƙarfi da kansu don kada su ƙone. Ko ɗan madaidaicin da ake sa wa irin su IC-7300 a ciki, iyakarsa wajen uku ne. Don haka, in ji su, me zai sa ka sayi wani akwati, ka riƙa murɗa maɓalli uku duk lokacin da ka sauya mita, alhali guntun kebul zai gama maka aikin sau ɗaya?

Guntun kebul ɗin da suke nufi dabara ce mai daɗin lissafi. Idan aka sa layin da tsawonsa rubu'in zango ne tsakanin turjiya biyu, yakan juya ɗaya zuwa ɗaya, muddin turjiyarsa ta kansa ta faɗo a tsakiyarsu ta hanyar ninki. Saba'in da biyar sau saba'in da biyar, a raba da hamsin, ya ba da 112.5. Wato kebul na om 75 zai mai da om 112 zuwa om 50 cif, kuma om 112 ɗin kusan ita ce turjiyar zoben. Sai ka ce don juna aka yi su. A mita 40, a ce megahaz 7.1, zoben zai ci waya kusan mita 43, kowane gefe ya kusa mita 11. Rubu'in zango a sarari mita 10.56 ne, amma lantarki ba ya gudu a cikin kebul kamar yadda yake gudu a iska. A RG-59 ko RG-11 mai daskararriyar roba a ciki gudun kashi 66 ne cikin ɗari, sai a yanka kusan mita 7. A mai kumfa a ciki gudun ya haura kashi 80, sai tsawon ya doshi mita 9. Wanda bai bambance waɗannan biyun ba zai yanka kebul ya rasa dalilin da allura ta ƙi motsi.

A nan ne hujjar tasu ta fi shiga raina, don kebul na om 75 ba sai an yi odarsa daga waje ba. Shi ne RG-6, wayar da masu ɗaura dish ke amfani da ita, kuma babu kasuwar kayan lantarki a Kano ko Kaduna ko Damagaram da za ka rasa ta. Tana ɗaukar wat 100 a gajeren zango ba tare da matsala ba. Sai dai tana da halinta. Ragar da ke kewaye da ita yawanci ta alminiyom ce, ba ta kama dalma, dole a matse mata kan F irin na dish sannan a sa mahaɗi. Ingancinta kuma ya danganta da wanda ya ƙera, don haka kada a dogara da abin da aka rubuta a jikinta. A yanka da ɗan rara, a bar ƙarshe ɗaya a buɗe, a haɗa ɗayan da ƙaramar na'urar awo irin NanoVNA, a duba inda turjiya ta faɗi kusan sifili. Nan ne rubu'in zango. A riƙa datsewa kaɗan-kaɗan har wurin ya hau kan megahaz 7.1.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar ko guntun kebul ɗin. Idan aka tsayar da zoben a tsaye, aka matse shi har tsayinsa ya kusa ninka faɗinsa, aka shiga ta tsakiyar gajeren gefen ƙasa, turjiyar kan sauko kusa da om 50 da kanta. Wannan sai mai dogayen itatuwa ko dogayen sanduna.

Ƙari a kan haka, kowaks ba ya zaɓen hanya. A bi da shi jikin bango, a ɗora shi kan kwanon rufi, a zura shi ta ƙarfen taga, a binne shi a ƙasa, duk bai dame shi ba, don filin lantarkinsa a cikinsa yake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidajen da rufinsu kwano ne, tagoginsu kuma duk an yi musu ƙarfe.

To ina raunin? Guntun rubu'in zango a kan mitar watsawa guda kawai yake aiki. Kebul ɗin da ya zama rubu'i a megahaz 7, a megahaz 14 ya zama rabin zango, shi kuwa rabin zango ba ya canja komai, abin da ya gani a sama shi zai kawo ƙasa. A megahaz 21 lissafin tsawon ya sake dacewa, amma a can turjiyar zoben ta riga ta tashi daga 112. Alhali babban abin da ke jan mutane ga zobe shi ne yana amsawa a kowane ninki na mitarsa ta asali, ba kamar eriyar dayifol da aka shiga ta tsakiya ba, wadda sai a ninki na uku da na biyar. Zoben mita 80 yana aiki a 40, da 20, da 15, da 10. Wanda ya ɗaure shi da guntun kebul mai aiki a mitar watsawa guda ya sayar da wannan falala da araha.

Wasu sukan ce a sa balan mai huɗu-da-ɗaya, wato ɗan taransfoma mai raba turjiya gida huɗu, a huta. Ina ganin an fi yabon wannan shawara fiye da yadda ta cancanta. Om 100 a raba huɗu, 25 ke nan, kuma 25 a kan kebul na 50 SWR biyu ce, daidai da wadda aka gudu. Amfaninsa sai a ninkin sama, inda turjiyar zoben kan hau om 200 ko fiye. Wato sulhu ne, a yi asara a nan a ci riba a can.

Masu wayar tsani suna da malami, sunansa Walter Maxwell, mai lambar kira W2DU, wanda ya yi aikin injiniya a kamfanin RCA. Daga 1973 ya jera maƙaloli a QST a kan ƙarfin da ke juyowa baya, daga bisani aka tattara su a littafi mai suna Reflections a 1990. Abin da ya tsaya a kai shi ne, ƙarfin da ya juyo daga eriya bai ɓace ba. Idan ya iso akwatin daidaitawa sai a sake mai da shi sama, ya haɗu da mai tafiya. Asarar gaskiya ita ce abin da layin da kansa ke mayarwa zafi a kowace tafiya, zuwa da dawowa. Ashe SWR ba ita ce ɓarauniyar ba, ita dai tana ƙara wa ɓarawon da ke cikin layi lokacin sata ne. Idan layin ba ya cin komai, SWR goma ma ba abin tsoro ba ce.

Lissafi ya goyi bayansa, kuma ya kamata a kalle shi da kyau, don shi ne zuciyar gardamar. Ɗauki kowaks da ke cin desibel ɗaya idan komai ya daidaita. Ka tura wat 100, wat 79 za su isa eriya. Idan SWR biyu ce a mashiga, kuma akwai abin da ke daidaitawa a ɗaki, wat 76 za su isa. Bambancin wat uku ke nan, abin da babu kunnen da zai ji shi a ɗaya ƙarshen duniya, tunda mataki ɗaya a mitar ƙarfin sigina desibel shida ne. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin mutumin da ke hawa bishiya sau biyar don ya sauko da allura daga biyu zuwa ɗaya. Amma idan SWR ta kai goma a kan wannan kebul ɗin, wat 45 ne kawai za su kai, sauran sun tafi wajen ɗumama roba. Yanzu sauya shi da wayar tsani mai cin kashi ɗaya cikin goma na desibel. Da SWR goma ɗin nan, kusan wat 90 za su isa sama.

Wayar tsani kuma mutum na iya yin abarsa. Wayar wuta ta gida mai milimita 2.5 guda biyu, da guntayen bututun roba ana hudawa ana jerawa, tazarar santimita goma, sai a sami layi mai turjiya tsakanin om 500 da 600. Babu layin da ya fi shi arha, babu kuma wanda ya fi shi ƙarancin asara a gajeren zango. Da shi da zobe ɗaya mutum zai zagaye duk mitocin. Har tsawon zoben ma ba sai ya zama daidai ba. Abin da fili ya bayar shi za a rataya.

Dave Fischer, W0MHS, wanda maƙalarsa ta Nuwamban 1985 a QST ta yaɗa babban zoben kwance da ya kira Loop Skywire, ya tsaya ne a tsakiya: ya haɗa kowaks kai tsaye, ya bar sauran ga akwatin ɗaki. Dubban mutane sun bi shi sun ji daɗi. Dalilin da ya sa abin ya yi aiki shi ne a kan ninkin mitarsa saɓanin zoben ba ya yin muni sosai. A mitocin da ba ninki ba, lissafin wat 45 ɗin can ne ke jiran mutum.

Sai dai masu wayar tsani su ma suna da abin da ba sa son a tono. Lissafin wat 90 ya ɗauka cewa akwatin daidaitawa ba ya cin komai, kuma ba haka ba ne. Akwatunan da suka fi yawa a kasuwa an ƙera su ne don kowaks, sai aka maƙala musu ɗan balan a baya don wayar tsani. Wannan balan ɗin ana tilasta masa aiki a turjiyar da ba a ƙera shi dominta ba, wani lokaci om dubbai, wani lokaci om goma, gwargwadon tsawon layin da mitar da ake kai. Idan turjiyar da ta iso ɗaki ƙarama ce, mai huɗu-da-ɗaya sai ya ƙara ƙanƙanta ta, koyil ɗin akwati ya ɗau zafi, farait ɗin balan, wato zoben da aka naɗa masa waya, ya ɗau zafi, allura kuwa tana kwance a kan ɗaya tana murmushi. Roy Lewallen, W7EL, ya nuna tun 1985 cewa balan mai daidaita amfiya a wayoyin biyu shi ake buƙata, ba mai daidaita bolt ba, amma na biyun ne aka daɗe ana sakawa a akwatuna. Tsofaffin akwatuna irin Johnson Matchbox, waɗanda tun asali don layi mai waya biyu aka yi su, sun zama kayan tarihi. Maganin da aka saba shi ne ƙara ko rage 'yan mitoci a tsawon layin har a sami turjiyar da akwati ke iya haɗiyewa a duk mitocin, aikin da ke cin yini guda.

Ga kuma hanya. Wayar tsani tana son sarari. Dole ta nisanci kwano da ƙarfe da bango da ninki biyu ko uku na faɗinta, ba a naɗe ta, ba a ajiye ta a ƙasa. Idan ɗaya wayar ta fi kusa da ƙarfe sai ma'auninsu ya karkace, layin ya fara watsa sigina da kansa, ya kuma fara kwasar hayaniya. A gidan da ke da inbata da cajar sola da janareta a maƙwabta, wannan hayaniyar ta fi asarar desibel ɗaya ciwo nesa ba kusa ba. Irin ta kanti mai tagogi a roba kuma ruwan sama na canja mata hali, ƙurar hunturu da ta kwanta a kanta ta jiƙe ta ƙara dagula lissafi. Adalci dai shi ne a faɗi cewa kowaks ma ba tsarkakakke ba ne: zobe mai ɓangare biyu daidai ne, kowaks kuwa ba haka ba, don haka idan ba a naɗa shi a zoben farait a mashiga ba, lantarki zai bi bayan ragarsa ya sauko ɗaki, hayaniya kuma ta bi ta nan ta hau.

Ni inda na karkata, idan mita ɗaya mutum ke so, ko gidansa duk kwano ne da ƙarfe, guntun wayar dish ya fi komai, kuma ban ga hujjar da ta kayar da shi ba. Idan kuwa zobe ɗaya zai yi wa dukan mitoci hidima, kuma akwai sararin da layi zai bi, masu wayar tsani ne da gaskiya, da sharaɗin su kashe wa akwati da balan kuɗin da suka tsira da shi a kan kebul. Akwai masu ɗora akwati mai sarrafa kansa a can mashigar eriya, kowaks ya sauko lafiya. A takarda wannan ya haɗa alherin ɓangarorin biyu. A fili kuwa an ɗauki na'ura mai tsada an ajiye ta a ranar Afrilu da tsawar Agusta, a inda ba a samun kayan gyaranta.

Duk wannan a kan babban zobe ne. Ƙaramin zobe, wanda ake lanƙwasawa da bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ba ya ma ba da damar gardamar. Zobe mai faɗin mita ɗaya, turjiyarsa ta watsawa a megahaz 14 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ba, a megahaz 7 kuma ta sake raguwa sau goma sha shida. Babu akwatin ɗaki da zai yi maganin wannan. Dole a daidaita a jikinsa: kafasita a sama don kama mita, da ƙaramin zobe mai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin babban a ƙasa, ana matsar da shi ko a ɗan matse shi har allura ta kwanta. Da wat 100 amfiya fiye da ashirin ke zagaya bututun, bolt dubbai ke kan kafasita, kada yaro ya kusance shi. Da bututu mai kaurin milimita 22, ko babu asarar mahaɗi ko kaɗan, kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ke fita a megahaz 14, a megahaz 7 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Allura a duka biyun tana kan ɗaya. Abin da ya fi ban haushi, idan mahaɗin bututun ya yi tsatsa ko ba a yi masa dalma da kyau ba, sai zoben ya fi sauƙin daidaitawa, faɗin mitar da yake karɓa ya ƙaru, mai shi ya yi ta murna, alhali asara ce ta ƙaru.

Haka ma kebul ke yaudara a babban zobe. Ƙarfin da ya juyo baya sai ya sake ratsa layin kafin ya iso mitar da ke ɗaki, layin kuma ya ci rabonsa a dawowa. SWR goma a mashiga, a kan kebul mai cin desibel ɗaya, a ɗaki za ta nuna ƙasa da biyar. Idan kebul ɗin ya tsufa, ruwa ya shige shi damina bayan damina har yana cin desibel uku, ko an cire eriyar gaba ɗaya an bar bakinsa a buɗe, allurar ɗaki ba za ta wuce uku ba, kuma madaidaicin cikin rediyo zai karɓe ta ba musu. Shi ya sa kafin mutum ya shiga sahun kowane ɓangare, gara ya sauko da mashigar eriyar ya auna a can, ya dawo ɗaki ya sake aunawa, ya kwatanta lambobin biyu, sannan bayan minti biyu yana watsawa ya saki makulli ya taɓa balan ɗin ya ji ko ya ɗau zafi.